Umara da Ƙarfen Musa Wanzami

Wata huɗu ke nan da bijimi ya matse Umara a jikin tirela a Kasuwar Shanu. Tun ranar bayansa bai koma daidai ba. In zai yi ruku'u sai ya dafa bango. Shekararsa ashirin, bara ya gama sakandare, amma yana tafiya kamar mai jikoki.

Mahaifinsa, Ba Saleh, dillalin shanu ne, kuma a wurinsa ciwo magani ɗaya gare shi. Saniya ta gurɗe, a ɗora mata ƙarfe mai zafi. Mutum ya yi ciwon baya, shi ma haka.

"In watan nan ya ƙare kana wannan tafiyar agwagwa, Musa wanzami zai zo," in ji shi. "Wuri shida zai sa maka, ka huta, mu huta."

Umara ya taɓa ganin an yi wa wani. Har yau in ya tuna sai ya ji ƙaurin a hancinsa.

Washegari ya ja jiki zuwa unguwar Wulari, gidan tsohon malaminsu na lissafi, wani ɗan Indiya siriri da ya haura hamsin amma yana naɗe ƙafafu kamar ba ƙashi a jikinsa. Malamin ya juya wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya zana masa mutum-mutumi goma sha biyu, wannan a tsaye, wannan a sunkuye, wannan kwance rub da ciki ya ɗaga kai. Ya ce sunan abin yoga. Ya ce a yi da sassafe kafin a ci komai, a kan abu mai laushi, a hankali, ana jan numfashi.

Gidansu a Abbaganaram ba fili. Wuri ɗaya ya samu da ido ba ya kaiwa, wani lungu tsakanin madafa da katanga, siriri, ba a miƙewa a ciki sai ta tsawonsa. Ƙasan duk tsakuwa. Ya gwada tabarma, ta zame da shi. Sai ya tuna buzun sallar Ba Saleh da ke rataye a zaure. Tsohon ba ya dawowa daga masallacin asuba sai hantsi.

Ranar farko a zane na huɗu ya kife. Ya zagi bijimin, ya zagi mai tirelar, ya zagi bayan nasa. Rana ta uku yana sunkuye, takardar a gabansa ya danne ta da dutse, yana leƙa ta ta tsakanin hannuwansa. Haushi yake ji. Ɗan zanen da aka yi da biro yana yin abin da shi ƙato ya kasa.

Kakarsa Gumsu ta gan shi ranar da ta zagayo neman itace.

"Kai mijin banza, me ka yar kake nema a ƙasa?"

"Kaka, tafi ki sha kununki."

"Oho. Da ma na ce sai na sake miji. Wannan ya lalace ta baya, ga shi yanzu ya fara ta kai."

Ta wuce tana dariya. Shi bai yi ba.

A kwana na goma sha biyu yatsunsa suka wuce gwiwa. A na sha shida ya daina dafa bango a salla. Bai gaya wa kowa ba.

A na sha bakwai Ba Saleh ya dawo da wuri. Ya duba zaure, ba buzu. Ya bi gida yana nema har lungun.

Umara na tsaye, tafin hannuwansa haɗe a ƙirji, ido rufe. Ya ɗaga hannu sama, ya sunkuya, ya sauka har goshinsa ya kusa taɓa gashin buzun. Bai ji takun ba. Abin da ya ji kawai an fizge buzun daga ƙarƙashinsa, haɓarsa ta daki tsakuwa.

"Wa kake wa sujada?"

"Ba sujada ba ce, Baba."

"Ni za ka gaya wa sujada? Tashi ka duba gabanka!"

Umara ya ɗago. Rana ce, ja, ta leƙo daidai saman katanga, tsakiyar fuskarsa.

"Rana na fitowa, lokacin da aka hana ko nafila. Ka fuskanci gabas. A kan buzuna. Ka haɗa hannu kamar mai roƙo, ka kai goshi ƙasa. In Hajja ta gidan baya ta leƙo ta katanga, me za ta je ta faɗa? Ka manta rikicin da aka yi a unguwar Bulunkutu? Shekara nawa? Mutanen da suka zo da sabuwar salla, ka ga yadda aka ƙare da su da maƙwabtansu?"

"Motsa jiki ne. Saboda bayana."

"Wa ya koya maka?"

Ba Saleh ya ga takardar, ya ɗauka, ya juya ta sama da ƙasa, ya taka zuwa madafa ya cusa ta a murhu.

Ba takardar ce ta fi ƙona wa Umara rai ba, ya riga ya haddace ta. Kansa yake jin haushi. Kwana goma sha bakwai yana fuskantar rana a kan buzun salla, ko sau ɗaya bai ga abin da kowane yaro a unguwar zai gani da kallo ɗaya ba. Malamin baƙo ne, bai sani ba. Shi fa?

"Ba sai ƙarshen wata ba," in ji Ba Saleh. "Yau."

Da hantsi Musa wanzami ya iso da zabirarsa. Ya karɓi garwashi a kasko, ya tura ƙarafa biyu ciki, ya zauna yana fifita. Aka sa Umara ya tuɓe riga a tsakar gida. Musa ya bi ƙashin bayan da babban yatsa, yana dannawa.

"Nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Kaɗan."

"Sunkuya in gani."

Umara ya sunkuya, haƙoransa a cije. Yatsunsa suka sauka har idon sawu.

Musa ya daina fifita. "Ba Saleh, wannan ne yaron da na yi wa aski watan jiya, sai da aka riƙe shi ya zauna? Me ya sha?"

"Bai sha komai ba," Kaka Gumsu ta amsa daga bakin madafa. "Miƙar kare yake yi kullum da safe."

"Yi mu gani, samari," in ji Musa.

Umara ya dubi mahaifinsa. Ba Saleh ya kau da kai. Umara ya juya wa gabas baya da gangan, ya tsaya a ƙasa ba shimfiɗa, bai haɗa hannu ba. Ya yi su duka goma sha biyun, ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na manne masa a ciki, matan gida na ƙunshe dariya a bakin zane. Ji yake kamar ya tashi ya shure kaskon.

Musa ya kyalkyale. "Wannan ai birgimar jaki ce, Ba Saleh, ba salla ba." Ya zare ƙarafan daga wuta, ya tsoma su a ruwa, suka yi cuu. "Ni dai ba na sa wuta a bayan da ke lanƙwasuwa haka. Ɓata shi zan yi."

Ba Saleh ya juyo wurin Umara.

"Nan tsakar gida za ka riƙa yi," ya ce. "Bayan rana ta ɗaga. Fuskarka yamma. Kowa na gani. Ka sake taɓa buzuna, ni da kaina zan sa maka ƙarfen."

"To."

Umara ya ɗauki rigarsa. Abin da ya faɗa da bakinsa da safe aka ƙi ji, shi wanzami ya faɗa da dariya aka karɓa. Ya shige ɗaki, ya bugo ƙofar langa-langa har ta amsa.