Jawabin Da Baba Akawu Ya Cire

"A hankali, 'yar nan. Takarda ce, ba kwamfuta ba, yagewa take yi."

Yana daga kwance ya faɗa, ni kuma ina durƙushe ina janyo littafin daga ƙasan gadonsa. Baba Akawu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi a majalisa yana ɗaukar maganar 'yan majalisa da gajeren rubutu, irin ƙugiyoyin nan da ɗige-ɗige da yanzu ba mai iya karantawa. Ni kuwa wata takwas ke nan da aka ɗauke ni a sashen adana takardun majalisar, muna ɗaukar hoton tsofaffin kundaye muna zuba su a kwamfuta.

Na buɗe inda ya naɗe. Tafiyar tsutsa kawai na gani.

"Me suka nema a wurinki kafin su ɗauke ki?"

"Digiri, Baba. Da sanin manhajar adana bayanai, da iya sa wa kowane fayil suna da kwanan wata, da riƙe sirri."

"Ba su tambayi gaskiya ba?"

"Ba ta cikin fom ɗin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Inna, matarsa, ta shigo da ruwa tana harararmu. "Likita ya ce ka huta, kai kuma ka buɗe zaman majalisa a ɗaki."

Sai da ta fita ya gaya mini. Shekarar da aka kaɗa ƙuri'ar rushe gidajen bakin layin dogo, kundin da aka buga ya ce kowa ya amince. Ba haka aka yi ba. Ɗan majalisa ɗaya, wani tsohon malamin makaranta, ya miƙe ya yi minti shida yana cewa bai yarda ba.

"Na sama da ni ya ce in cire, na cire. Yara huɗu gare ni a lokacin. Mutumin nan ya mutu jama'arsa na zaginsa, wai ya yi shiru aka rushe su." Ya kama hannuna. "Ki mayar da maganarsa cikin kundin."

"Ba zan iya ba, Baba. Ba a taɓa kundin da aka buga. Ko ɗigo na ƙara, na ci amanar aiki."

Ya saki hannuna, ya juya fuska bango. Na ji kamar in nutse.

"Amma akwai hanya," na ce. "Littafinka zai iya shiga da lambarsa daban, in haɗa shi da wancan zaman. Duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga ɗayan. Sai dai dole ka karanta mini da bakinka, ka sa hannu, shugabarmu ta amince."

Ya juyo. "To me kike jira? Ɗauko akwatin naki." Kwamfutata yake nufi.

Safiya uku muka yi kafin in tafi ofis. Yana karantawa, ina bugawa, wayata na ɗaukar muryarsa. Layi biyu sai ya huta. Sau ɗaya na so in daidaita wata jimla.

"Kar ki gyara masa baki! Ya maimaita, ki maimaita. Haushi ne ya sa shi."

Rana ta uku Inna ce ta tallafe masa gwiwar hannu ya sa hannu. Muryarsa ta riga ta koma kamar ta mai raɗa.

Da na kai ofis, shugabarmu ta karanta jawabin tsaye, ta sake karantawa zaune.

"Wa ya tabbatar da wannan karatun?"

"Mai rubutun da kansa, ranki ya daɗe. Ga muryarsa, ga sa hannunsa."

"Bar mini shi zuwa mako mai zuwa."

"Ba shi da mako mai zuwa."

Ta dube ni har na fara tunanin na yi wa kaina. Sai ta jawo rijista, ta ba littafin lamba. "Ki rubuta daga inda ya fito, da ranar da aka karɓa. Kar ki ƙara ra'ayinki."

Ban jira lokacin tashi daga aiki ba. Na sami Baba an jingina shi da matashi, magana ta tsaya. Na ɗora kwamfutar a cinyarsa: kundin majalisa a hagu, littafinsa a dama, jawabin a ƙasa. Inna ta sa masa tabarau. Ya bi layukan da ido har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Bai kai faɗuwar rana ba. Muna zaune numfashin ya yi ta raguwa, har ya tsaya. Inna ta yi salati a hankali. Ta zare masa tabarau, ta goge shi da bakin zaninta, ta naɗe, ta ajiye a kan taga.