Sabulun Inna

Auta ba ta taɓa zaton gashin mutum zai yanke ta ba. Shekara tara tana kitso a ɗan shagonta, sai ga shi yanzu duk silin da ta ja sai ya shige tsagar yatsa ya maƙale. Tafin hannunta ya bushe ya yi fari yana ɗayewa kamar ɓawon albasa, ga ƙaiƙayi. Ranar Talata wata malamar makaranta da ta saba zuwa ta miƙe da rabin kai a tsefe.

"Yi haƙuri 'yar'uwa, hannunki karce ni yake yi. Kin kuwa je asibiti? Kada dai abin nan mai yaɗuwa ne."

Ba ta dawo ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Auta ta san abin da ke cin ta, sabulun Inna ne. Da sana'ar sabulu mahaifiyarsu ta raine su su huɗu, kuma har yau duk ƙarshen wata sai ta haɗa, ta yayyanka, ta aika wa kowa rabonsa a kwali. Ma'auninta wani tsohon gwangwanin madara ne da ta ja wa layi da ƙusa daga ciki, iyakar inda soda za ta tsaya ke nan. To, idon Inna ya yi yana, layin ya ɓace mata, sai ta koma cika gwangwani har baki. Auta ta gani da idonta, ta haɗiye maganar wata uku. Da sabulun take wanka, da shi take wanke tawul-tawul na shago, don ita ba ta iya karɓar abu daga hannun uwa ta jefar ba.

Ranar da suka taru su huɗu a tsakar gidan Inna, tsohuwar na yanka sabon haɗi, Auta ta yi ta maza.

"Inna, sodar ce take yin yawa. Ki bari in riƙa zuwa ina auna miki."

Inna ta ajiye wuƙa. "Ki auna min? Ni?"

"Taɓa hannuna ki ji."

Ta taɓa, kuma ta ji, don yatsunta ba su makance ba. Amma sai ta juya wajen babban ɗanta. "Kai ma cin ka yake yi?"

"Ni? Haba Inna, sabulunki ai ba irinsa," in ji Yaya. "Yarana ma ba sa yarda da na kanti."

Yayyen Auta mata biyu suka gyaɗa kai, fatarsu sumul. Ɗaya har da ƙarin gishiri, wai mayukan kitson nan da take taɓawa ne.

"Kin ji dai," in ji Inna. "Mutum uku lafiya lau, ke kaɗai ce mai fatar 'yan gayu. Idan kin fi ƙarfin sabuluna ki faɗa, ba sai kin ce na makance ba."

Bayan mako guda Auta ta je gidan Yaya. Matarsa ta aike ta sito ɗauko tabarma, sai ta yi kiciɓis da kwalayen Inna jere har bakwai, ko buɗe su ba a yi ba. Matar ta ga fuskarta ta fashe da dariya.

"Au, ke da gaske amfani kike yi da shi? Mu tun bara muka daina. Yayanki tayar mota yake wankewa da shi."

"Ya kuma ce ba irinsa rannan?"

"To ya ɓata wa Inna rai a kan sabulu?"

Auta ta fito ko sallama ba ta yi ba. Maƙaryata uku sun zama 'ya'yan albarka, ita ta zama mara kunya.

Ƙarshen wata Inna ta aika kwali uku, babu na Auta. Auta ta sayi na kanti, cikin mako uku hannu ya murmure, mata suka fara dawowa. Ta je gaida Inna da kwalbar man shafawa, ta same ta zaune a inuwa tana sosa wuya. Da mayafin ya zame, Auta ta ga damtsen duk ya tsattsage, wani wurin har da jini.

"Inna, don Allah ki shafa wannan."

Inna ta ture kwalbar da bayan hannu, ta ja mayafinta. "Tsufa ne. Tambayi yayyenki, sabuluna lafiyarsa lau."