Saƙon Auta Mai Tsayawa

Shekara tara Mai Ɗinki ba ta yi wa ƙanwarta Auta magana ba, kuma kaf gidan benen babu wanda bai san dalili ba. Keken ɗinkin uwarsu ne. Tsohuwa na rasuwa, Auta ta faki ranar da yayarta ta fita sayen zare, ta zo da mota ta ɗauke shi. Tun daga nan ko gaisuwa. Sai rannan aka bugo daga gari mai nisa cewa Auta ta cika a asibiti, har an binne ta.

Bayan sati biyu 'yar Auta ta turo saƙo. "Inna, Mama ta bar miki magana a bidiyo. Ki danna shuɗin rubutun nan, zai buɗe."

Wayar Mai Ɗinki ta cika maƙil da hotunan samfurin riguna, bidiyon ya ƙi sauka. Can sama yake ajiye, sai da netwok ake kallonsa. Netwok ɗin ɗakinta kuwa kamar kyanwar maƙwabta yake, sai ya ga dama yake leƙowa. A bakin taga kawai ake samunsa, kusa da teburin yanka.

Nan ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta danna. Ga Auta a kan farin matashi, ta rame, da roba a hanci.

"Yaya," in ji Auta. Sai ta tsaya cak, baki a buɗe, ɗan zoben nan na jiran netwok yana ta juyawa a goshinta.

Mai Ɗinki ta jira. Idanun nan suna kanta, ba sa ƙiftawa. Da shirun ya ishe ta sai ta ce, "To, ina jin ki, ɓarauniyar keke."

Zoben ya ɓace. "Na san yanzu haka zagina kike yi," in ji Auta.

Almakashi ya suɓuce daga hannun Mai Ɗinki. Tsikar jikinta ta tashi, da rana tsaka.

Haka aka shiga yi kullum. Auta ta faɗi kalma huɗu ta tsaya, yayarta ta cike gurbin. Ta tuna mata marin da ta sha a kan ɗankunne, ta faɗa mata gwiwa ta dame ta, ta ce mata wannan ɗankwalin bai yi mata kyau ba ko kaɗan. Maƙwabciyarta, matar wani mai gyaran famfo, wadda kunnenta ke manne da bango tun da ta tare, ta rantse a kan matakala cewa murya biyu take ji a ɗakin, har da dariya.

Amma ba a taɓa kaiwa ƙarshe ba. Da Auta ta ce, "Abin da nake so in tambaye ki," sai netwok ya ɗauke ɗungurungum, bidiyon ya koma farko. Mai Ɗinki ta daina barcin rana. Ta yanka hannun riga ɗaya sau biyu.

Nas ɗin da ke hawa na ƙasa ce ta ji tausayinta. "Baba, taho wurin aikinmu. Netwok ɗinmu ba ya tari."

A kan bencin marasa lafiya, cikin warin magani, Mai Ɗinki ta danna. Auta ta zuba magana tiryan-tiryan, babu tsayawa. Mai Ɗinki ta buɗe baki a wurin da ta saba sa nata, Auta ta wuce ta. Auta ta ce keken yana nan, ba ta taɓa ɗinki da shi ba, ƙamshin hannun tsohuwa take shinshina a jikinsa. Sannan ta ce, "Kin yafe mini, Yaya?" Ta juya ga mai riƙe da wayar. "Kashe haka." Allon ya yi baƙi.

"Ta tafi ba ta jira ba," in ji Mai Ɗinki.

Nas ɗin ta ce, "Ai sai ki sake kunnawa, Baba. Idan ta yi tambayar ki danna nan, ta tsaya."

"In ni na tsayar da ita, riƙe ta na yi. So nake ta jira ni da kanta."

Ta koma bakin tagarta. Kwana goma sha ɗaya tana kunnawa. Auta ta tsaya a kan "Yaya", ta tsaya a kan keke, ta tsaya ido a rufe kamar an riga an shafe mata su. Sau biyu ta kai tambayar ta zarce ba ta waiwayo ba.

Rana ta goma sha biyu, Mai Ɗinki na durƙushe tana kafa gefen siket, allurai a bakinta, sai ta ji "Kin yafe mini, Yaya?" Daga nan shiru. Ta ɗago. Zoben yana juyawa, Auta ta zuba mata ido.

Ta tofar da alluran a tafin hannu, ta dafa tebur ta miƙe.

"Na yafe, ja'ira. Tuntuni." Ta ajiye alluran a kan teburin. "Ke fa? Shekara tara ban neme ki ba. Kin yafe mini?"

Zoben ya yi ta juyawa. Mai Ɗinki ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin. Can sai fuskar ta motsa, Auta ta kau da kai gefe.

"Kashe haka," in ji ta.