Tubalin Gonar Jatau

Lokacin da na iso bakin tabki, Baba Jatau ya riga ya fasa layi biyu. Yana tafe yana jan kumburarrun ƙafafunsa, taɓarya a hannu, duk tubalin da ya iske sai ya sauke masa ita a ka. In ya fasa uku sai ya tsaya ya yi tari.

"Ku riƙe shi!" in ji Halilu, shugaban kwamitinmu, yana haki a bayana. "Tsoho ya zautu! Gayyar kwana goma fa!"

Ba wanda ya motsa. Wa zai kama hannun sa'an ubansa?

Tubalin nan na makaranta ne. Gwamnati ta fito da tallafin karatun yara don ƙauyukan da ba su da aji, amma da sharaɗin haɗa hannu: mu mu ba da fili da tubali da aiki, su su kawo kwano da benci da allo, su ɗauki nauyin malami. Mu a Tungar Marke yaranmu sun daina zuwa makaranta tun da hanyar ta daina daɗin bi. An ce nan da kwana tara jami'a za ta zo daga Bukkuyum ta ga tubalin da idonta. In ba ta gani ba, ƙauyukan da ke jira suna da yawa.

Ni aka naɗa magatakarda, don ni kaɗai na kai ƙarshen ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna. Kuma ni na jawo abin. Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Jatau shekara talatin, ya kwana biyu yana kwance, sai na kai masa tubali ɗaya da la'asar don in faranta masa rai. Ya juya shi, ya ɓantari gefe, ya daɗe yana kallon wani toka-toka mai ƙyalli a ciki. Washegari ga shi da taɓaryar matarsa Inno.

"Baba, mi munka yi maka?" Halilu ya tambaya.

"Ba ku yi mini komi ba. Ina kunka ɗebi ƙasar ga?"

"Nan bakin tabki mana. Nan ruwa yake."

"To ba a zaunar da ɗiyan kowa cikinta."

Halilu ya tafa hannu. "An kwashe ƙasar garin ga tun shekarar guba! Masu fararen motoci sun gwada ko'ina, sunka ce ta yi kyau. Kai ka fi na'urarsu sani?"

"Na fi ta. Ita ta tafi, ni na zauna."

Duk wanda ya yi wayo a wajenmu ya san shekarar guba. Lokacin nan ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ba mu san da dalma a cikinsa ba, sai yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa. Baba Jatau na da injin niƙa a zaurensa. Bel ɗin injin ya cinye masa yatsar tsakiya ta hannun dama, ƙurarsa kuma ta ɗauke masa jikoki biyu a mako guda. Tun daga nan ba a ƙara jin ya ambaci zinari ba.

Ya jingina da taɓaryar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Bayan sun tafi, rani biyu ina wankin zinari a nan. Da asuba, kafin ku fito. Gero ya ƙare, na ji kunyar roƙo. Garin dutsen duka nan na zuba shi. Ba wanda ya sani sai Inno da Allah." Ya juya ga Hammadu mai kiwon agwagi. "Agwaginka da sunka mutu, kunka ce annoba ta. Ba annoba ba ta. Ni na."

Mutumin da ake ba wuri a sahun gaba, shi ke tsaye yana tona wa kansa asiri a gaban 'ya'yan cikinsa.

Halilu ya sassauta murya. "Allah shi gafarta mana duka, Baba. Amma ai yaɓe za a yi. In anka shafe da siminti, wa zai sani?"

"Yara na lasar bango, Halilu. Naka bai ci ƙasa ba? Kai da kanka uwarka ta sha ƙwaƙule ta daga bakinka, ina gani."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"To ina za mu samu wata ƙasa da ruwa cikin kwana tara?"

"Gonata. Da rijiya a ciki."

Da yamma na ji su ta kan katanga. Ba saurare na je yi ba, amma Inno ba ta iya magana a hankali.

"Shekara ashirin kana ba Fulani dawa su kwana da shanu a gonar ga, yau ka ce a mai da ita kududdufi? Mi za mu ci?"

"Rabi za a ɗiba."

"Rabin mai kyau."

"Shi ke kusa da rijiya."

Na ji ƙarar muciya a tukunya. Can ta ce, "Ka fasa mini bakin taɓarya kuma."

Da safe ita ta fara isa rijiyar da tulu biyu.

Muka yaye baƙar ƙasar da taki ya gina, muka kai ga ja. Ba kowa ya fito ba ranar farko. Wasu sun yi fushi, kuma ban ga laifinsu ba. Rana ta biyu mata suka kama jan ruwa, sai mazan suka ji kunya. Shi kuwa a amalanke muke kai shi, mu shimfiɗa masa tabarma a gindin marke, a tura masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa gabansa. Yana zaune yake dunƙulawa. Ba ya yin da yawa, amma nasa ba ya tsagewa. Bakinsa ma bai huta ba.

"Halilu, wanga tubali na ko tuwon sabuwar amarya?"

"Baba, ka fasa na farko, ka bar mini na biyu."

"In ka gina da wanga, ba sai na zo da taɓarya ba. Kaza ta isa."

Rana ta biyar ya kira ni, ya ce in ɗauko takarda.

"Tanko, ba mu gamawa. Na duba. In matar ga ta zo, Halilu zai ce jakai sunka tattake. Rubuta abin da ya faru."

Ni rubutuna a hankali yake, sai na furta kowace kalma kafin ta sauka. Ya yi haƙuri da ni. Da muka zo wurin wankin, na rubuta "wani mutum". Ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Wane na wani mutum? Ba shi da uba? Goge. Sa Jatau."

"Baba, takardar gwamnati ta. Ba ta ɓata."

"Shi ya sa."

Ya dangwala babban yatsansa a jar ƙasa ya danna a ƙarshen takardar.

Ran Talata bayan azahar muka ga ya jingina da marken, dunƙulen ƙasa a cinyarsa. Mun ɗauka gyangyaɗi yake. Inno ce ta ajiye guga ta taho, ba ta yi gudu ba. Ta durƙusa, ta cire ƙasar daga hannunsa, ta share masa tafin da gefen zanenta. Sannan ta ce, "Tanko, kira maza."

Kafin la'asar ta yi sanyi an yi masa sutura. Da aka zo rufe kabari aka ce a nemo itace, sai ga Halilu ya turo amalanke da busasshen tubali daga gonar. Wani ya ce masa a hankali, "Waɗanga fa na makaranta na, ga shi ba su isa ba."

"Na sani," in ji Halilu. Ya shiga ramin da kansa ya jera.

Ran Alhamis jami'ar, Malama Sa'adatu, ta iso a bayan babur, ƙura har gira. Ta zagaya gonar. Abin da ya bushe bai wuce rabi ba, saura ɗanye. Ta buɗe fayil ɗinta, ta ce, "An rubuto mana cewa kun gama."

Halilu ya gyara murya. "Ranki shi daɗe, wato jakai..." Sai ya tsaya. Ya dube ni. "Tanko, karanta mata."

Ban taɓa karatu a gaban mai ilimi ba. Na yi tuntuɓe a wuri uku, ba ta gyara mini ba. Da na gama ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallon jan dangwalen.

"Ina shi mai maganar?"

"Shekaranjiya munka rufe shi."

Ta ce a kai ta tabkin. Ta tsaya nesa da tarin tubalin farko, ta ja mayafinta ta rufe hanci. "Ni 'yar Anka ce," ta ce. "Ƙanena na cikin na shekarar." Ta sa muka yi alkawarin kewaye wurin da ƙaya kafin ta turo ma'aikatan lafiya. Game da tallafin kuwa ta ce ba ita ke yankewa ba, amma za ta nemo mana ƙarin mako uku, kuma takardar nan za ta tafi tare da rahotonta.

Aka ba mu mako ukun. Muka cika tubali, kwano ya iso kafin ruwan farko.

Ranar da magini zai fara yaɓe, na iske Inno a cikin ajin ita kaɗai, lokacin tana gab da fita takaba, ta biyo ta hanyar rijiya. Tana bin bango da ido, daga ƙasa zuwa sama. Tubalin hannu kowanne da sawun yatsun mai shi. A ƙarƙashin taga ta gabas ta tsaya, daidai tsayin yaro in ya zauna. Akwai wani a nan mai sawu uku, da fili a tsakani.

Ta sunkuya ta ɗora hannunta a kai. Yatsunta uku suka shige gurbinsu. Ta tsakiyar ta rasa wurin shiga, ta kwanta a kan jar ƙasa.

Magini ya leƙo da kwanon kwaɓi a kai. Na ɗaga masa hannu, ya koma ya fara ta waje.