Fitilar da Anis Ya Bari

Ni mai walda ne a garin Sfaks da ke bakin teku, ƙofofin ƙarfe nake yi, sunana Munsif. Karatuna bai wuce sa hannu a takarda ba. Ɗana Anis shi ya yi karatun, da ya gama ya rasa aiki sai ya huce a kan gidana. Ya kwance makunnan wuta na bango, ya cusa wasu 'yan abubuwa a bayansu, ya ɗora wata 'yar kwamfuta da ba ta fi gwangwanin kifi ba a saman kabad, gefen akwatin intanet. Tun daga ranar fitilun gidan suka koma jin maganar wayarsa da wani rimot da ya ajiye wa uwarsa.

Na ce, "Kai malalaci, yatsanka ne ya karye? Makunnin nan ya girme ka."

Ya ce, "Baba, gwiwar Mama fa."

Da gaskiyarsa. Matata Shadliyya gwiwa ta cinye ta, makunnin fitilar tsakar gida kuwa yana can ƙarshen matakala. Da ya tafi Tunis neman aiki, daga can yake kunna mata ita duk magariba. Ladan na buɗe baki fitilar za ta kama, ita kuma ta ɗaga kai ta ce, "Sannu, ɗan albarka." Kamar da mutum take magana.

Aikin bai samu ba. Ya dawo ya zauna, ya rame, ya daina cin kifin da yake so. Wata safiya cikin kaka ya sumbaci kan uwarsa ya ce, "Mama, duk inda nake, da magariba ni zan kunna miki." Sai washegari muka ji cewa kwale-kwalen masu tsallakawa Italiya ya shiga, shi da wasu samarin unguwarmu.

Kwale-kwalen bai isa ba. Teku ta dawo da wasu, na je na duba fuskokinsu, babu Anis. Wayarsa a kashe.

Amma fitilar ba ta daina kamawa ba.

Gidajen sauran samarin duk suka yi zaman makoki. Yayana Hadi ya yi ta zarya, yana cewa a yi wa yaron sallar da ake yi wa mamacin da ba a ga gawarsa ba, a buɗe ƙofa mutane su yi ta'aziyya. Shadliyya ta ce atafau.

"Yaya Hadi, wa ke kunna min fitila? Kai ne?"

"Ummu Anis, na'ura ce. Agogo ne a cikinta."

"Agogo? Da ya tafi ƙarfe nawa ake kiran magariba, yanzu ƙarfe nawa? Cikin hunturu ta kama da wuri, yanzu rana ta yi tsawo tana jira. Agogon ne ya san ladan? Wataƙila a tsare yake, ko takardu ne ba shi da su, yana tsoron kira. Ka sha shayinka ka tafi, ba za a yi wa ɗana salla yana raye ba."

Hadi ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ni mutum ne da ba na yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba, amma maganar agogon nan ta tsaya min a rai. Ni ma na lura. Fitilar ladan take bi.

Haka muka zauna, ba mu cikin masu makoki, ba mu cikin masu murna. Maƙwabta in sun gan ni ba su san me za su ce ba, sai su tsallaka titi. Duk Juma'a Shadliyya takan dafa kuskus ta ware kwanon Anis.

Da bazara ta shigo Hadi ya same ni a shago ya ce ya gaji, yaron yana da haƙƙi a kanmu, ya riga ya yi wa liman magana, Juma'ar nan za a yi, in ban zo ba shi zai tsaya a madadina. Na kusa jifan sa da guduma. Da ya fita na tsallaka wurin Lutfi mai gyaran lantarki, maƙwabcin shagona, na zayyana masa komai.

Ya kira ni da Si, yadda muke girmama mutum a garinmu, ya ce, "Si Munsif, kai dai ƙarfe ka sani. Kwamfuta ta san lokacin faɗuwar rana na kowace rana, har na shekarar da ni da kai muna cikin ƙasa. In ya saita ta, ita kaɗai za ta yi ta yi."

"In kuma shi ne ke kunnawa?"

"Zai iya."

"To wanne ne, ɗan iska? Ba wa'azi na zo ji ba."

Ya daina murmushi. Ya ce akwai igiya mai launin toka da ta haɗa kwamfutar da akwatin intanet. In na zare ta, babu wanda zai iya taɓa fitilar daga waje. In magariba ta yi ba ta kama ba, to hannun mutum ne. In ta kama, na'ura ce.

"Amma ka tabbata kana son sani?"

Na juya na koma shagona.

Ranar Alhamis da la'asar, Shadliyya na kicin, na taka kujera na zare igiyar na tura ta aljihu. Na fito tsakar gida na zauna. Ban taɓa roƙon Allah duhu ba sai ranar. Na ce, ya Rabbi, kar ta kama. Shadliyya ta fito tana jan ƙafa, ta zauna a kujerarta tana gyaran wake. Rana ta sauka bayan gidan maƙwabta. Ladan ya yi gyaran murya.

Fitilar ta kama.

Na juya na kalli Shadliyya. Na jira ta ce sannu ɗan albarka. Ba ta ce ba. Ba ta ma ɗaga kai daga kwanon ba.

"Munsif, ka mayar da igiyar inda ka same ta."

Na dafa aljihuna.

"Na ji ƙarar kujera. Ka zaci kai kaɗai ne mai kai a gidan nan? Shi da kansa ya taɓa nuna min ita. Tun cikin hunturu na zare ta, kana shago. Da wannan gwiwar na hau."

"To don me kika bar mu muna..."

"Don me? Ka ga yadda ya rame kafin ya tafi. Ya san teku, Munsif. Ya san mai yiwuwa ba zai isa ba, sai ya zauna ya gaya wa abin can kar ya bar ni cikin duhu. In na ce na sani, Hadi ya kawo liman, shi ke nan an gama da shi. Ban shirya ba."

Ta zubar da ɓawon waken a bokiti.

"Ku je ku yi sallarku gobe. Amma wanda ya taɓa min abin can, sai dai ya bar gidan nan."

Aka yi sallar bayan Juma'a, babu makara, babu komai a gaban liman sai tabarma. Na buɗe ƙofar da na ƙera da hannuna, aka jera kujerun roba a tsakar gida, mutane suka yi ta shigowa suna riƙe min hannu. Maƙwabtan da suke tsallake titi yanzu sun san abin da za su faɗa.

Ba a watse ba har rana ta faɗi. Wani daga cikin baƙi ya miƙe yana laluben makunni a bango. Hadi ya ce masa, "Zauna, Si Rida." Ladan ya kira, fitilar ta kama a kanmu duka. Daga ɗakin mata na jiyo kukan Shadliyya, na farko tun ranar da ya tafi.