Gwaibar da Ta Faɗa Rukunin Kayan Ado

A gidansu Injiniya suke ce mata, duk da ta gaji da gaya musu cewa ita mai zanen gine-gine ce. Shi ya sa da ƙafafun Baba suka ƙi hawa matakala, aka yanke a gina masa ɗaki a tsakar gida, ba wanda ya tsaya neman wani. Yayanta ya kira ta ya ce, "Injiniya, ga aiki ya biyo ki har gida, yau za mu ga amfanin karatun."

Baba abu ɗaya ya roƙa. Ya ce ko akurki aka gina masa bai damu ba, in dai daga kan gado zai riƙa ganin gwaibar da ke tsakar gidan. Mahaifiyar su Injiniya ce ta dasa ta, ta raine ta da ruwan wanke-wanke, kuma tun rasuwarta a gindinta yake shan shayinsa kowace safiya.

Ta auna tsakar gidan tsaf, ta zuba komai a kwamfuta, har da gwaibar da rassanta. A ofishinsu kowane abu da rukuninsa a cikin zane. Bango daban, bututun ruwa daban, wayoyin wuta daban. Itatuwa kuwa da furanni da motocin da ake ɗorawa don zane ya yi kyau, duk rukunin kayan ado ake watsa su, kuma shi ake fara ɓoyewa don kada ganye ya rufe awo. Hannunta ya saba, bai ko yi shawara da ita ba. Gwaibar ta ɓace daga allo, aiki ya ci gaba.

Ana gab da gamawa Yaya ya leƙo da sabuwar dabara, don shi ba ya rasa su. Ya ce a faɗaɗa ɗakin, ko gaba Baba zai buƙaci keken guragu ya samu wurin juyawa. Magana ce mai hankali. Ta kama bangon gabas ta ja shi waje.

Nan take wani ɗan akwati ya fito a allon da gargaɗi, wai bangon da aka matsar ya ratsa wani abu da yake ɓoye.

Kada a zalunce ta, ta bincika. Ta buɗe rukunin bututu, ba komai. Ta buɗe na wayoyi, ta buɗe na magudanar ruwa, ta rufe zanen ta sake buɗewa, gargaɗin yana nan daram. Kayan ado ne kaɗai bai zo mata a rai ba, don wa ya taɓa jin fure ya tare bango?

Abokin aikinta na teburin gefe ya miƙo wuya ya ce, "Wannan manhajar ai gulma ce da ita. Kujera kika ɓoye ma sai ta kai ƙara. Danna ki wuce."

Ta yi dariya, ta danna inda aka rubuta kada a sake nunawa. Aka buga zane fes, aka miƙa wa birkila, aka kai Baba gidan Yaya saboda ƙura.

Ranar da ta samu sararin zuwa, gini ya kai saman taga. Ta shigo tana tsallake yashi, sai ta ji tsakar gidan ta yi mata wani irin haske da ba ta sani ba. Ta tsaya cak. Inda gwaibar take, bulo ne a jere.

"Ina itacen?" ta tambayi birkila.

"Ranki ya daɗe, takarda na bi," ya ce. "Na ma buga miki waya na ce akwai abin da nake son ki gani, kika ce kina taro, in bi zane kawai kada in canza ko layi ɗaya."

Ta tuna. Haka ta ce, har da ɗaga murya.

Ta ɗora kwamfutarta a kan tulin bulo ta kunna rukunin kayan ado. Gwaibar ta dawo shar da ita, bangon ya ratsa ta tsakiyar gangar jikinta, rassan sun baje a kan gadon Baba. Dannawa ɗaya ce. Ta zauna a kan yashin ta yi kuka, leburori suka juya mata baya suna ta kwaɓa siminti.

Ita ta hana kowa gaya wa Baba, ta ce daga bakinta zai ji, amma kullum ta je gaishe shi sai ta kasa. Har aka yi fenti, aka shigar da gado, Yaya ya kawo shi yana riƙe da hannunsa. Baba ya zauna a bakin gadon ya dubi taga. Katanga ce kawai, sai igiyar shanya.

Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Baba ya dafa kanta ya ce, "Tashi, 'yar nan, ɗaki ya yi kyau. Ai ba laifinki ba ne, tunda ba wanda ya gaya miki."

"An gaya min, Baba," ta ce.

Ya janye hannunsa a hankali, ya ce wa Yaya ya sakar masa labulen.