Amatullah Ta Ɗaukaka Ƙara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a sakandare, daga Baure zuwa Mai'aduwa har na dawo cikin Daura, sai ga shi wasu mutum uku a Amurka sun zauna sun yanke cewa 'yata ba ta iya magana da shi ba.

Amatullah ce, autata. Tana digiri na biyu a lissafi, kuma jami'ar ta ɗauke ta ne bisa sharaɗin za ta riƙa taya malamai koyar da sababbin ɗalibai. Wannan aikin shi ke riƙe da karatun nata. Sai dai ba a ba baƙo aji sai ya ci jarrabawar Turancin baka. Maki hamsin ake nema, ta sami arba'in da biyar. Aka ba ta kwana goma ta ɗaukaka ƙara, in ba haka ba ta haɗa kayanta.

Ta kira ni bayan La'asar, su can hantsi ne. Ina zaune gindin dalbejiyar da uwarta, marigayiya Saudatu, ta dasa.

"Karanto mini abin da suka rubuta," na ce.

Ta karanto. Lafazi ba laifi. Nahawu babu abin gyara. Na ce sun taimaki kansu. Sai layi na ƙarshe: ba ta kallon masu sauraro, kuma ba ta fahimci tambayar ɗaliba ba.

"Wace ɗaliba?"

Ashe alƙalan jarrabawar ne ke zama a matsayin ɗalibai, kai kuma ka koyar na minti goma. Ɗaya daga cikinsu, wata farfesa mai furfura, ta ɗaga hannu ta ce ai in aka raba lamba da sifili, sifili ake samu. Da gangan ta faɗa, don a ga yadda za a gyara mata. Amatullah ta sunkuyar da kai, ta ce to, ta ci gaba da rubutu a allo.

"Kin san kuskure ne?"

"Haba Baba, ko ɗan sakandare ya sani."

"To me ya ƙulle miki baki?"

"Ta girmi Mama fa. A gaban mutane zan ce mata ba haka ba ne?"

Na san malamin da ya koya mata wannan darasin, kullum ina ganinsa in na zo aske gemu. A gidana yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya kuma gyara masa magana, ko da ya ce Kwangwalam da ke arewa da mu a kudu take.

Na kwana biyu ina rubuta mata takardar ƙara, shafi huɗu, da Turancin da su kansu sun manta da shi. Ta ce fom ɗin kalma ɗari biyu yake ɗauka. Ta yanke duk inda na yi ƙoƙari, ta bar gaskiya tsirara: ta fahimci tambayar, ladabi ne ya hana ta amsawa. Kwamitin sauraron ƙarar ya amsa cewa ladabi ba ya cikin abin da suke aunawa, amma sun yarda ta sake tsayawa gaban wasu alƙalan bayan mako guda.

Muka shiga gwaji. Kullum bayan La'asar in jingina wayar jikin buta muna ganin juna ta bidiyo, in zama ɗalibi, in faɗi shirme da Turanci.

"Malama, bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne."

"Baba, ko dai a sake dubawa..."

"Ba Baba ba ne, daƙiƙin ɗalibi ne. Ɗago kanki! Me kike nema a ƙasa, allura?"

Sai ta yi dariya, ta ɗago, idon ya sake zamewa. Haka muka yi kwana biyar. Abin da na shekara ashirin ina ginawa ba zai rushe a mako guda ba don kawai yanzu ya zame mini matsala.

Rana ta shida na gaji. Bayana na ciwo, sabis na yankewa. Na koma Hausa na ce, "Bar shi kawai, Auta. In sun ƙi, ki dawo, ɗakinki na nan. Da ma uwarki ba ta so tafiyar nan ba."

Na zaci hoton ne ya tsaya. Ashe kallona take, ido cikin ido.

"Ba haka ba ne, Baba. Mama ce ta cike mini takardun tana kwance a asibiti. Kai ne ka ɓoye fasfo ɗina cikin ƙamus, wata biyu. Ta sani, ni ma na sani."

Wata akuyar maƙwabta ta shigo tana cin ganyen dalbejiya. Ban kore ta ba.

"To," na ce. "Maimaita da Turanci. Kada ki sauke idon."

Ta maimaita. Ko kuskure ɗaya babu.

Ranar Talata ta tsaya gaban sababbin alƙalan. Wani dattijo ya faɗi nasa shirmen, ta gyara masa tun bai rufe baki ba. Maki hamsin da biyar. An ba ta aji biyu, ta ce bana ba za ta samu zuwa Sallah ba.

Na ce Allah ya yi albarka. Na tashi na sake rufe ɗakin nata, da ma jiya na sa an share shi.